Aljanun Poland a Ƙarƙashin Bargo

Hanifa, ke ce kika dawo hutu daga Funtuwa kika tsare ni a bakin ƙofa, ko takalmi ban cire ba, wai Gwaggo Asabe ta ce miki aljanu sun taɓa kama ni a Masar, shi ya sa ban gama karatu ba. Na yi dariya har mamanku ta leƙo daga kicin. To bari in rubuta muku, ke da ƙannenki, don in na yi shiru wannan labarin zai bi ku har gidajen aurenku. Ba aljanin da ya taɓa ni. An dai yi mini ruƙiyya, wannan kam gaskiya ne, an danne ni, an jiƙa ni sharkaf. Amma abin da ya shige ni fim ne, wani tsohon fim mara kala na ƙasar Poland.

Ni tun ina yaro ba na iya zama wuri ɗaya. Sakandare ma a tsakiya na watsar da ita. Inda kawai za ka same ni a zaune shi ne gidan kallon unguwarmu, dab da talabijin, ina gaya wa mutane abin da ɗan Caina yake cewa, alhali ko kalma ɗaya ta yarensu ban sani ba. In bos ya buɗe baki, ni ne bakinsa. In yarinya ta fashe da kuka, ni ne kukan. Rediyo ake kirana. Da Baba ya gaji, sai ya tattara ni ya tura wa Yaya Mustafa, wanda a lokacin yake karatun shari'a a Alƙahira, a sa ni a ma'ahadin koyon Larabci. Ranar tafiya Baba bai yi doguwar magana ba.

"Nafi'u, ranar da ka bar aji, ranar za ka hau jirgi ka dawo mini kasuwa ka ɗauki buhu. Mun gama?"

Na ce mun gama.

Shaƙƙarmu, wato gidan hayarmu na bene, a unguwar Hay el-Sabi' take, can sama, ga lifta da ba ta aiki. Mu huɗu ne. Ni da Yaya ɗaki ɗaya. Ɗaya ɗakin Malam Ɗayyabu ne, mutumin Maraɗi, siriri kamar sanda, wanda duk ɗaliban unguwar suka san shi da ruƙiyya, har Masarawa kan zo nemansa. Sai abokin ɗakinsa Habu ɗan Yola, mai dafa mana abinci, ƙato ne wanda in ya shigo kicin ba mai iya wucewa. Na yi ƙoƙari da ma'ahad, wallahi na yi. Amma da malam ya fara nahawu sai in ji ƙafata tana rawa a ƙarƙashin benci. Ga garin a lokacin ba ya zaune, yau zanga-zanga, gobe a rufe hanya, jibi a ce ba karatu. Ranar da aka ce ba karatu sai in shiga metro, jirgin ƙasan cikin gari, in bi shi har inda ya ƙare, ina kwaikwayon masu tallan cikin jirgi a raina. Daga baya ko akwai karatu metro nake shiga.

A haka na sauka Ainu Shams wata rana, na faɗa shagon Ammu Girgis. Tsoho ne Kirista, sana'arsa juye kaset ɗin biki zuwa faifai, kuma a bayan shagon yana da wani ɗan ɗaki da ya lulluɓe bangonsa da kwalin ƙwai, da makirfo a tsakiya, inda ake ɗaukar muryar talla. Da na ga makirfon nan sai na kasa ɗauke ido daga kansa. Na fara zuwa kullum. Shi kuma mutum ne mai tarin tsofaffin finafinai, na ƙasashen da ban taɓa jin sunansu ba, in ciniki ya lafa sai ya saka ɗaya mu kalla da shayi.

Ranar da ya saka na Poland ɗin, da farko na raina shi. Ba kala, ba faɗa, ba waƙa. Fili ne fetal, ga wani gini fari can nesa, sai wani fada, limamin coci, ramamme ya iso da 'yar jakarsa. Na tambayi Ammu ina ne nan, ya ce gidan sistoci ne, matan da suka bar duniya da aure suka kulle kansu don ibada, kuma aljanu sun shiga jikin babbarsu, daga ita ya bazu ga sauran, shi ne aka turo fadan ya fitar da su. Na gyara zama. Kai! Yara, ban san yadda zan kwatanta muku ba. Matar nan ta shigo cikin fararen kaya, kanta a ƙasa, magana a hankali kamar ta amarya. Kafin ka ƙifta ido fuskar nan ta juye. Ba kwalliyar tsoro, ba jini, ba komai, fuska ɗaya ce, amma wanda ke leƙowa ta idon ba ita ba ce. Ban san lokacin da na miƙe tsaye ba. Bakina ya buɗe da kansa kamar a gidan kallon Funtuwa, na fara yi mata magana da Hausa, in yi siririyar muryarta, in koma ƙasan maƙogwaro in yi ta aljanin.

Ashe akwai mai sauraro. Wani Bahaushen Sudan, Usta Bashir, ya zo karɓar faifansa, yana tsaye a bayana yana dariya har da riƙe ciki.

"Ya zol, bawan Allah, kai ɗan ina ne? Duk muryoyin nan daga wuyanka suke fita?"

Ya ce shi harkarsa ke nan, sa wa fim Hausa ya kai wa mutanensu can Sudan, kuma mai murya yake nema. In na iya yi masa wannan fim ɗin daga farko har ƙarshe, ni kaɗai, mace da namiji da aljani, to na samu aiki da wurin kwana. Ammu ya ara mini wata tsohuwar laftof da iyafis, ya ce in je in yi ta gwaji, in na shirya ya buɗe mini ɗakin kwalin ƙwai. A metro ranar nan ban zauna ba, ko da yake akwai kujera.

To ga inda matsalar ta fito. Rubutun Larabcin da ke ƙasan fim ɗin gudu yake, ni kuma Larabcina na tasha ne. Ammu ya ba ni labarin a dunƙule, sauran ni zan cike. Na fada ba wuya, na sista ba wuya. Amma aljanin Poland me yake cewa? Ni dai aljanun da na sani na Funtuwa ne, waɗanda nake laɓewa a zaure in ji in ana yi wa matan maƙwabta ruƙiyya. Don haka maganarsu na ɗora masa. Sannan Ammu ya koya mini dabara: in ba ka da ɗakin ɗaukar murya, ka lulluɓa da bargo mai kauri, shi ke kashe amsa-kuwwa. Sai ya zama kullum da safe in fita da jakata kamar mai zuwa ma'ahad, in zaga bayan gini in ci ful da ta'amiya, wake da ƙosan Masar, in 'yan shaƙƙarmu sun watse in dawo, in shige ƙarƙashin bargo da laftof, a tsakiyar zafin Alƙahira, in toshe kunnuwa in yi ta yi. Na rame. Idona ya yi ja. Muryata ta dushe. In ana cin abinci sai a ga leɓena yana motsi ni kaɗai. Ni duk ban lura ana kallona ba, daɗi nake ji kamar in tashi sama.

Abin da ban sani ba, Habu ya taɓa dawowa ɗaukar littafi ya ji mace tana kuka a ɗakinmu, ya leƙa ya ga bargo yana motsi, ya sauka benen nan da gudu duk ƙibarsa. Ya gaya wa Malam Ɗayyabu. Malam ya zo washegari ya kasa kunne a ƙofa, ya gaya wa Yaya. Yaya kuma, kafin ya yi mini magana, ya wuce ma'ahad ya tambaya, aka ce masa an manta kamannina.

Ranar da abin ya faru, wajen azahar ne. Ina ƙarƙashin bargo, na zo daidai wurin da fadan ke tsaye a kan matar yana karanta addu'arsu, ita kuma tana birgima. Na yi siririyar murya: "Wayyo, ku taimake ni, ƙona ni suke yi!" Na koma ƙasa: "Ba za mu fita ba! Mu da yawa ne a nan! Tun tana yarinya muka same ta, a bakin rijiya, ta zuba mana ruwan zafi!" Ina cikin ƙyaƙyata dariyar aljanin sai na ji an fizge bargon, haske ya dalle mini ido, kafin in ce wani abu Habu ya zauna a kan ƙafafuna. Yara, in Habu ya zauna a kanka, ka gama motsi. Yaya ya riƙe hannuwana ta baya, laftof ta rufe ta faɗa bayan katifa, Malam Ɗayyabu ya dafa goshina ya kafa baki a kunnena ya fara karatu.

"Malam, ni ne! Nafi'u ne!"

"Haka suke cewa. Habu, riƙe shi tamam."

"Wallahi fim ne!"

"Ka ji ko? Sunansa ke nan ko sunan garinsu? Kai, da kai nake! Wace rijiya ce? Ta Funtuwa ko ta nan?"

Ya watsa mini ruwan tofi a fuska, mai sanyi daga firij. Na ga abin ba na wasa ba ne, sai na ce bari in nuna musu lafiyata lau, na kama karatun tare da shi, aya bayan aya, ban yi tuntuɓe ba. Malam ya dakata, ya kalli Yaya, ya girgiza kai.

"Mustafa, wannan ya yi makaranta. Irinsu sun fi wuyar fita."

"Malam, a ƙara ruwa?" in ji Habu, yana haki kamar shi aka danne.

Dariya ta kama ni. Na yi ta yi har da hawaye, ita kuma dariyar ta ƙara tabbatar musu, aka ƙara ruwa. Sai da na ji wani abu mai ɗumi yana ɗiga a wuyana, ba na firij ba, sannan dariyar ta tsaya. Yaya ne yake kuka. Mutumin da ban taɓa ganin hawayensa ba ko ranar da Inna ta rasu. Ya sunkuyo ya yi magana a hankali yadda ni kaɗai zan ji.

"Nafi'u, in kana jina, kar ka damu. Na je ma'ahad, na san komai. Ba laifinka ba ne, lalura ce. Zan gaya wa Baba lalura ce. Ba inda za ka je. Za mu yi magani, ka huta, ka koma aji a hankali."

Kun gane abin da aka miƙo mini? Ƙofa ce a buɗe. Ni da na iya muryar aljani fiye da aljanin kansa, abin da ya rage kawai in yi ƙara ɗaya, in ce zan fita ta babban yatsa, in yi atishawa, in yi luf kamar na suma, in farka ina tambayar ina nake. Khalas, shi ke nan. Ba jirgi, ba buhun kasuwa, Baba zai tausaya mini, Malam Ɗayyabu zai ƙara suna. Har na ja numfashi. Amma sai na hango abin da ke bayan ƙofar: benci, nahawu, da ni ina shan ruwan tofi duk safiya, kuma duk ranar da na sake buɗe baki na yi wata murya za a ce sun dawo. Abu ɗaya da na iya a duniya zai zama ciwo. Ga kuma Yaya yana kuka a kan ƙarya.

Na ce, da muryata ta gaskiya, duk da ta dushe:

"Yaya, ba lalura ba ce. Da ƙafata na bar ma'ahad. Ku sake ni in nuna muku. In abin da kuka gani bai gamsar da ku ba, Habu ya koma ya zauna."

Yaya ya saki hannuna. Na lalubo laftof, na ɗora ta a kan kwalin littattafai a falo, na zare iyafis, na kashe sautin, na mayar da fim ɗin farko. Na tsaya a gefe, rigata tana ɗigar ruwa, na fara.

Wallahi ban taɓa yin aiki irin na ranar nan ba, har yau. Na yi fada, na yi mai masauki, na yi sistoci suna raɗa, na yi ƙararrawa ma da bakina. Da farko Malam yana tsaye da kwalbarsa a hannu, a shirye. Da matar ta fito ta juya fuskar nan, muryar da suka ji ta bayan ƙofa ta fito daidai da leɓenta, sai Habu ya ce "La'ilaha illallahu!" ya ja da baya har ya ture fanka. Can sai ga Malam ya zauna a ƙasa. Can kuma sai ya matso.

"Tsaya, tsaya. Su ma Nasara suna da wannan? A ƙasar ƙanƙara?"

"Ga shi kuwa, Malam."

"To wannan malamin nasu ai bai iya aiki ba. Ya za ka keɓe da mara lafiya mace, ba muharrami? Kuma dubi yadda yake tsayawa yana hira da shi! Ba a jan zance da su, a'a, a'a. Tausayinta ya shige shi. Wannan zai jawo wa kansa."

"Malam, kai ma ɗazu ka tambaye shi rijiya," in ji Habu.

"Rufe mana baki, ɗauko shayi."

Har la'asar muna nan. Muka yi salla muka dawo. Malam yana gardama da fada, Habu yana leƙe ta tsakanin yatsunsa, ni kuwa ji nake kamar an kunna mini wuta a ƙirji, don karo na farko ke nan da na ga masu ilimi sun manta da kansu a gaban abin da na iya. Mutum ɗaya ne bai matso ba. Yaya yana jingine da bango, hannu a harɗe. Da aka zo wurin da fadan ya rasa yadda zai yi, ya fara tunanin ya roƙi aljanun su bar matar su dawo jikinsa, sai Yaya ya miƙe ya shige ɗaki. Na ci gaba, amma kunnena yana wajensa. Ya fito da waya a hannu.

"Kashe. Ga Baba. Ka gaya masa da bakinka, kuma da muryarka, ba ta matar nan ba."

Na karɓa. Ina jin hayaniyar kasuwar Funtuwa a bayansa. Na gaishe shi, na faɗa masa komai, ban rage ba: metro, shagon Ammu, makirfo, Usta Bashir. Ya bar ni na gama.

"Wato na tura ka ƙasar malamai, ka je ka samo gidan kallo."

"Sana'a ce, Baba."

"Mun yi magana da kai ko ba mu yi ba?"

"Mun yi."

"To ka haɗa kayanka. Ba ni yayanka."

Yaya ya karɓa ya koma baranda, ya ja ƙofa. Ba na jin Baba, amma ina jin Yaya. "Na'am, Baba. Laifina ne, ni ne ban sa ido ba. Na'am." Ya daɗe yana na'am. Sai na ji ya ce, "Baba, in ya dawo yanzu, gidan kallon zai koma, kuma ba mai biyansa. A nan aƙalla ina ganinsa. Ku bar mini shi. In ya lalace, ni za ku tambaya, har gaban Allah." Habu ya kalle ni, na kalli ƙasa.

Da ya shigo fuskarsa ba annuri. Ya ce Baba ya yarda in zauna, amma ya cire hannunsa daga kaina, kuma kar in kira shi sai ranar da shi ya neme ni. Bai neme ni ba sai bayan na dawo Najeriya da sana'ata a hannu, kuma ko a lokacin bai taɓa zama ya kalli aikina ba har ya bar duniya. Yaya ma ya sha nasa, don Baba ya daɗe yana amsa gaisuwarsa a taƙaice. Sannan Yaya ya ce shaƙƙar nan ta ɗalibai ce, tunda na zaɓa, in koma inda na zaɓa.

Washegari da safe na haɗa jakata. Malam Ɗayyabu ya ba ni kwalbar ruwan tofi, wai ko ba aljani tana gyara maƙogwaro, ya ce ma'alish, wato in yi haƙuri. Habu ya cusa mini burodi. Yaya ya ɗauki jakar da kansa ya sauka da ita benen nan har bakin titi. Muka tsaya muna jiran mikrobas. Mota ta tsaya, direba yana ihun yalla yalla, na sa ƙafa ɗaya ciki, sai Yaya ya riƙo hannun rigata. Yana kallon wani wajen, ba ni ba.

"Salla dai, Nafi'u."

"In sha Allahu, Yaya."

"Kuma... shi malamin nan nasu. Da ya ce su dawo jikinsa. Sun dawo? Ita matar ta warke?"

Na ce, "Yaya, ba a faɗin ƙarshen fim. Ranar Alhamis zan ɗauka a shagon Ammu. Ainu Shams, kana fita metro ka yi dama."

Ya yi tsaki ya saki rigata, mota ta ja.

Ranar Alhamis ina cikin ɗakin kwalin ƙwai, na kafa baki a makirfo, na ɗago kai in ba Ammu alama ya kunna. Ta 'yar tagar gilashin ɗakin na hango Yaya. Yana zaune a kan kujerar roba tsakanin Ammu Girgis da Usta Bashir, da littafin fiƙihunsa a cinya, an riga an miƙa masa shayi.